Tukwici ga Kawu

Kawu, da fatan kana lafiya, kai da Inna da sauran mutanen gida. Ya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Na san ba za ka so wannan rubutu ba. Duk lokacin da na ɗauko zancen godiya sai ka katse ni da tambayar karatun yara, ko ka ce, "Uwata, bar maganar nan, abin da yake jingine a ɗaki yana shan ƙura ne fa." To, ni dai na ji an ce yaba kyauta tukwici, kuma tunda bakina ba ya samun fili a gabanka, bari alƙalami ya yi aikin. Na kuma zaɓi in rubuta a inda wasu za su karanta, domin ana yawan tambayata yadda aka yi matar aure, malamar firamare, take ɗaukar hoton wata da duniyoyi daga tsakar gidanta a Katsina. Akwai ma masu zaton daga intanet nake kwasowa. Gara su ji daga inda abin ya fito.

Na'urar hangen nesan da ka ba ni ta girme ni. Ka ce a 1986 ka saye ta, lokacin kana kwas na aikin safiyo a Ingila, shekarar da tauraron nan mai wutsiya na Halley ya zo wucewa. Ka tsuke bakin aljihu ka saya dominsa, sai ga shi a can arewa bai fito da kyau ba, har kana cewa da a gida ka zauna da ka fi morarsa. Bututu ce fara, ta ɗara mita ɗaya a tsawo, a gindinta akwai madubi mai lotsawa wanda faɗinsa ya kai inci 6, wato milimita 150. Shi yake tattara haske ya mayar da shi sama, wani ɗan madubi da ke karkace kusa da baki ya karkato da shi gefe, inda ake ɗora ido. Irin ƙirar da Isaac Newton ya fara yi ce a 1668, kuma har yau ba a sauya mata wani abin kirki ba. Madubi mai wannan faɗi yana tara hasken da ya ninka na ƙwayar idon mutum fiye da sau 400.

Da kyautar ta tsaya a nan, da yanzu tana bayan ƙofa a gidana kamar yadda ta zauna a naka. Abin da nake gode wa na gaske shi ne zirga-zirgar da ka yi ta yi da sandarka, daga unguwarku zuwa tamu, tun daga kakar 2024, har abin ya zauna a hannuna.

Doka ta farko da ka kafa wa kowa a gidan ita ce kada wanda ya goge madubin, ko da ya yi furu-furu. Ka bayyana mana cewa madubin ɗaki shafensa a bayan gilashi yake, shi kuwa wannan shafen alminiyon ɗinsa a fuska yake, siriri ƙwarai, ƙurar garin nan kuma yashi ce, ana gogawa an karce shi har abada. Ina nan ina kallo ka kwance notikan, ka fito da shi da hannu biyu, ka shimfiɗa tawul a cikin robar wanki, ka kwantar da shi, ka zuba ruwa mai ɗan ɗumi da ɗigon sabulun ruwa, ka ce a bar shi ya jiƙa mu sha shayi. Bayan nan ka ɗauki audugar asibiti kana ja a kansa a cikin ruwan, ba dannawa, nauyin audugar kaɗai, kowane ja da sabuwar auduga. Ka ɗauraye shi da tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota, ba mai asid ɗin ba, don ruwan famfo yana barin tabo idan ya bushe. Ka jingine shi a tsaye. 'Yan ɗigon da suka maƙale ka riƙa tsotse su da kusurwar takarda ɗaya bayan ɗaya. Duk tsawon aikin nan ba ka bari yatsa ya taɓa fuskar ba. Akwai 'yan tabon tsufa a gefe waɗanda ba su fita ba, ka ce a ƙyale su, ba za su hana komai ba. Ba su hana ba kuwa.

Ƙafafun ƙarfen da ta zo da su tsatsa ta riga ta gama da su. Sai ka zana wa kafintan bakin layinmu wani akwatin katako a bayan takardar kalanda, da awonsa da komai: buɗaɗɗen akwati mai juyawa a kan faifai, an manna fomika a ƙasansa don santsi, bututun yana kwance a kan kafaɗunsa yana ɗagawa yana sunkuyawa. Ka ce dabarar wani Ba'amurke ce, John Dobson, wanda tun wajen shekarun 1960 yake fitowa da irin wannan na'ura bakin titi a San Francisco yana kiran masu wucewa su leƙa kyauta. Kafintan ya yi ta dariya, ya ce bai taɓa yi wa bututu kujera ba. Kuɗin aikin duka bai kai ɗinkin sallar yaro ɗaya ba, kuma ka biya tun kafin maigida ya sa hannu a aljihu. Ya ce in gaya maka har yanzu yana jin nauyin abin.

Sai daidaita madubai. Nan ne na ga safiyo a bakin aikinsa. Ka huda murfin tsohon gwangwanin fim ɗin kyamara da allura a daidai tsakiya, ka soka shi a mazaunin gilashin ido, kana leƙawa kana ce mini in murɗa wannan noti kaɗan, in sassauta wancan, har da'irorin da ake gani a ciki suka hau kan juna. Da dare ya yi ka gwada da tauraro: ka juya saitin da gangan har tauraron ya baje ya zama zobe mai baƙin ɗigo, ka ce idan ɗigon yana tsakiya aiki ya yi, idan ya karkata gefe a koma kan noti. Daga nan ka kwance duk abin da muka yi, ka miƙo mini murfin, ka koma kan tabarma. Na ji haushinka a daren nan, ba zan ɓoye ba. Yanzu kuwa ko an ɗauke wuta, da tocilan ɗin waya nake yi.

Ka koya mini lissafin da ya kamata duk mai shirin sayen irin wannan kaya ya sani. Hasken da madubin nan ya tara yana haɗuwa ne a nisan milimita 1,200. Idan aka raba wannan da lambar da ke jikin gilashin ido, an sami yawan ninkin girman da za a gani. Gilashi mai lamba 25 yana ba da ninki 48, mai lamba 10 yana ba da 120. Iyakar abin da madubi zai iya ɗauka kuwa kamar ninki biyu ne na faɗinsa a milimita, wato 300 ga namu, kuma da wuya iska ta bari a kai can. Saboda haka 'yan ƙananan na'urorin nan da ake tallarsu da cewa suna ninka abu sau 600, kwalinsu ya fi su aiki. Faɗin madubi ake tambaya, da ƙarfin mazauni.

Wani taimakon da ka yi, wanda ni ko a mafarki bai zo mini ba, shi ne zuwa wurin mai unguwa tun kafin mu fara fitowa da ita. Ka ce a halin da ƙasar nan take ciki, dogon bututu da ake saitawa sama cikin dare ba abin da za a bar wa jita-jita ba ne. Ka kira shi, da liman, da shugaban 'yan sintiri, bayan sallar isha'i, kowa ya ɗora ido. Liman ya daɗe bai ɗago ba, sai tasbihi yake yi. A nan ka yi musu bayanin da ya raba ni da surutu: lissafin tafiyar rana da wata, wanda da shi ake fitar da lokutan salla da alƙibla, daban yake da duba. Duk da haka wata baiwar Allah ta taɓa sallama da hantsi tana so in duba mata tauraron 'yarta kafin a sa rana. Na ba ta ruwa ta sha, na ce ta dawo da dare ta ga duwatsun wata. Ta dawo, da 'yar tata.

Game da iska kuwa, kai ka fara nuna mini cewa abin da ke ɓata hoto yawanci ba a cikin na'ura yake ba. Rufin kwano da daɓen siminti suna shan rana wuni guda, da dare su riƙa amayar da zafi, duk abin da aka kalla ta samansu sai ya riƙa rawa kamar fuskar mai ƙosai idan ana hangenta ta saman kasko. Don haka ka sa muka koma kusurwar da babu siminti, muna fito da bututun tun magariba don madubin ya huce, muna jira abin da za mu kalla ya hau sama sosai ya rabu da rufin maƙwabta. Idan taurari suna ƙyaftawa da yawa, ka ce daren na kallo ne, ba na hoto ba. Ɗan siririn hazo ba ya hana ganin wata da duniyoyi, wani lokaci ma a irin daren iska ta fi kwanciya, amma ranar da ƙurar hunturu ta sauko sosai ba a buɗe murfi. Fitilun gari ma ba su dame su ba. Janareton maƙwabci ya fi cutarwa, shi da yaran da ke tsalle kusa da akwatin.

Ka kuma gaya mini wani gata da muke da shi ba mu sani ba. Katsina tana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, Landan tana 51. Hanyar da wata da duniyoyi suke bi tana ratsawa ta kusa da tsakar kanmu, su kuwa can sau da yawa a ƙasa-ƙasa suke hangensu, ta cikin iska mai kauri. Mutum ya kashe dukiya a kan kaya a can, mu da katako da tsohon madubi samanmu ta fi tasa.

Yawancin masu zuwa leƙe daren sha huɗu suke so, wata ya cika, gari ya yi fari. Kai ka ce wannan ne daren da ya fi kowane rashin amfani, don rana tana haska shi gaba da gaba, babu inuwa, komai ya baje. Daren bakwai da na takwas ka zaɓa mana, lokacin da yake rabi, ka ce in bi layin da haske ya yi iyaka da duhu. A can rana take fitowa a kan wata, kowane tudu yana jan doguwar inuwa. Ba zan manta da abin da na gani ba. Kusa da tsakiya akwai manyan ramuka uku a jere. Na farko, Ptolemaeus, faɗinsa ya haura kilomita 150, ya kusa nisan Katsina zuwa Kano, cikinsa shimfiɗe. Na biyu Alphonsus. Na uku ya fi su zurfin gani, da tsauni a tsakiyarsa wanda kansa kaɗai ya kama haske, gindinsa yana cikin duhu. Faɗinsa ya kusa kilomita 100, kamar daga nan zuwa Maraɗi. Ka ce sunansa Arzachel, wato Azzarƙali, masanin falaki na Andalus a ƙarni na 11. Gefe kaɗan ga Albategnius, wato Albattani, wanda ya yi aikinsa a Raƙƙa ya rasu a 929. Wani limamin Kirista ɗan Italiya, Riccioli, shi ya raba yawancin sunayen nan a taswirarsa ta 1651, kuma bai manta da malaman da aka karanta littattafansu ba. Kusa da wurin akwai wani siririn baƙin layi, miƙaƙƙe, wanda na zaci gashi ne ya faɗa kan gilashi. Ka ce gangare ne mai tsawon kilomita 110, kuma a 'yan darare kaɗan yake fitowa haka, idan rana ta ɗaga a kansa ya ɓace. Duk wannan daga nisan kilomita 384,000.

Shugaban 'yan sintirin nan ya tambaya ko za a ga tutar da Amurkawa suka kafa a 1969. Ka ce masa abin da bai kai kilomita biyu ba madubin nan ba ya rarrabe shi a kan wata, sai dai a nuna masa filin da suka sauka. Ya ce to ai shi ke nan, ba su je ba. Ka yi dariya har da tari.

Hoton wata bai ba da wuya ba. Ka yanko guntun bututun famfo na roba wanda ya shige kan gilashin ido cif, ka manna shi a bayan tsohuwar rigar waya daidai ramin kyamara. A rage hasken kyamarar da hannu, a kulle saitin, a sa ta jira daƙiƙa uku kafin ta ɗauka don girgizar yatsa ta lafa. Shi ke nan.

Duniyoyi ne suka nemi haƙuri. A Disambar 2024 Mushtari, wadda Turawa ke kira Jupiter, ta zo daidai kishiyar rana, tana fitowa da magariba ta kwana a sama. A ido ga ta nan sarai, da ɗamara biyu masu duhu, da watanninta huɗu a jere, waɗanda Galileo ya fara gani a Janairun 1610. Amma a waya sai ta fito farin dunƙule. Ga shi ba ta tsayawa: a ninki 120, kafin minti biyu ta ratsa gilashin ta fice, sai an tura bututun an bi ta. Ka ce wa yara ba ita ke gudu ba, ƙasar da suke tsaye a kai ce take juyawa, digiri 15 a kowace awa. Shekara nawa ina faɗar wannan a gaban allo, ban taɓa ganin ya shiga kan yaro kamar daren nan ba.

Ɗan Yaya, wanda ke jami'a, shi ya zo da maganar bidiyo. Maimakon hoto ɗaya, a ɗauki bidiyo: waya tana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, minti ɗaya ya ba da 1,800. A cikinsu akwai waɗanda aka dace iska ta tsaya cak. Ya sa mini manhajoji uku na kyauta a kwamfuta. PIPP tana tsayar da duniyar a tsakiyar kowane hoto, AutoStakkert tana tace masu kyau, kamar kashi 20 cikin ɗari, ta ɗora su kan juna, RegiStax kuma ta fito da zanen da ya ɓuya. Ya yi ta bayani da Turancinsu na kwamfuta, ni dai ina gyaɗa kai. Kai da ba ka taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, kai ka fassara mini. Ka ce ai aikin safiyo ne: ba a yarda da awo ɗaya, ana maimaitawa, a zubar da waɗanda suka kauce, a ɗauki matsakaicin sauran, kuskuren wannan ya cinye na wancan. Ka kuma ƙara da abin da shi bai sani ba, cewa Mushtari tana juya kanta cikin ƙasa da awa goma, don haka bidiyon kada ya wuce minti biyu zuwa uku, in ba haka ba zanen jikinta zai goge kansa. Da hoton ya fito a allo, da ɗamarunta da jan tabon nan nata a gefe, Inna aka fara aika wa.

Akwai gargaɗinka guda da nake riƙe da shi fiye da sauran. Manhajar ƙarshen nan, idan aka matsa mata, tana ƙirƙiro layuka da zobba waɗanda babu su a sama, hoton ya yi kyau a ido amma ƙarya ne. Ka ce safiyon da ya ƙara wa fili taku ɗaya don taswira ta yi kyau ɓarawo ne. A ganina wannan magana ta shafi har wayoyin zamani masu ƙawata hoton wata da kansu. Na fi son nawa mai ɗan dishi-dishi, wanda na san kowane tabo a cikinsa daga sama ya zo.

Zuhal, duniyar nan mai zobe, ita ce kaɗai ta yi mana rowa. Zobenta yana karkata yana miƙewa a tsawon zagayenta na kusan shekara 29 da rabi, mu kuma muka same ta a lokacin da ya juyo mana da kaifinsa, domin a Maris na 2025 ya daidaita da mu sosai. Abin da muka samu ƙwallo ne da siririn layi ya ratsa. Ka ce zai riƙa buɗewa a hankali har wajen 2032, ka kuma ce, "In ba na nan, ki nuna wa jikokina." Ban ji daɗin maganar ba, Kawu. Allah ya kai mu tare, da ƙafarka da idonka.

Da azumi ya gabato mutane sun yi ta cewa in nemo musu jinjirin wata. Ka hana, kuma na gode da ka hana. Sanarwar ganin wata tana da masu ita, daga fadar Sarkin Musulmi take fitowa. Ban da haka jinjiri yana kusa da inda rana take faɗuwa, kuma madubin da ke tara haske sau ɗaruruwa, idan ya haɗu da rana, ƙiftawa ɗaya ta isa ta makantar da mutum. Shi ya sa bututun yake kwana a ɗaki da murfinsa, ba ya fitowa sai rana ta faɗi.

Allah ya saka maka da alheri, Kawu. Ya jiƙan mahaifanka, ya ba ka lafiya, ya sa abin da yaran nan suka koya ya zama sadaka mai gudana a gare ka. Ina kuma gode wa Inna da ta riƙa haƙuri da dawowarka cikin dare, da maigida da yake ɗauko akwatin yana mayarwa ba tare da ƙorafi ba, da kafinta, da ɗan Yaya.

Ku kuma masu karatu, musamman iyayenmu tsofaffin ma'aikata da shugabannin makarantu, idan akwai irin wannan na'ura a ɗakinku ko a sito, ko da tabaran hangen nesa ne na hannu, ku fito da ita ku nemi yaro ko yarinya mai sha'awa. Kada ku miƙa ku juya baya, ku zauna da su har hannunsu ya faɗa. Ku fara da daren bakwai ga wata, bayan magariba.